Kafe tudun rairayi a ƙasar Gure: lissafin da ba ya shiga rahoto

Kowane porje da ya yi aikin rairayi a gundumar Gure yana da lamba guda da yake sa wa a gaba idan ya zo ba da rahoto: hekta nawa aka kafe. Lambar tana da daɗin faɗa, tana kuma da sauƙin aunawa, domin shinge abu ne da ake gani da ido, a ɗauki hotonsa ranar da aka gama. Ni dai ba na shakkar cewa shingen yana tsayar da rairayi. Abin da nake shakka shi ne lissafin, don kuɗin da ake rubutawa kuɗin watannin farko ne kawai, alhali tudu yana cin kuɗi da ƙarfi shekara da shekaru, kuma mafi yawan abin da yake ci daga jikin mutanen gari yake fitowa. Komin ɗin Gamu, ɗaya daga cikin shida na gundumar tare da Gure, Kelle, Alakos, Gidigir da Bune, na cikin wuraren da ya kamata a zauna a yi wannan lissafi kafin a sake kafa ko itace ɗaya.

A fara da ba dabarar haƙƙinta. Rairayi ba ya tashi sama kamar ƙura. Idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ƙwayoyinsa tsalle suke yi kusa da ƙasa, kowace ta faɗo ta bugi wata ta tashe ta, kuma mafi yawan wannan tafiya ba ta wuce gwiwar mutum ba. Shi ya sa shinge mai tsayin mita ɗaya ko ɗaya da rabi yake isa. Ba a son shi a toshe kamar bango, don iska za ta haƙe gindinsa ta kayar. Ana son mai ƴan kafofi, wanda zai rage wa iska ƙarfi har ta saki abin da ta ɗauko. Masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da abokan aikinsu na Beljiyam sun auna wannan a kan tuddan Cago, kusa da Gure, sun ga tafiyar rairayi ta ragu ƙwarai bayan an kafa shinge, ciyawa kuma ta fara dawowa. Wanda ya taɓa shiga fili irin wannan bayan damina biyu ya san karangiya ce ke fara yi masa maraba a ƙafar wando. Nauyin abin da ake tsayarwa ba kaɗan ba ne: idan iska ta share kaurin santimita ɗaya kacal daga hekta ɗaya, wato fili mai mita 100 tsawo da 100 faɗi, ta kwashe wajen tan 150 na rairayi, kuma dole ta sauke shi a gonar wani ko rijiyar wani.

Sai dai akwai tambayar da amsarta ke canza lissafin gaba ɗaya: daga ina rairayin nan yake zuwa? An daɗe ana gaya mana Sahara ce ke gangarowa kudu. Tun shekarun 1930 wani masanin daji ɗan Ingila mai suna Stebbing ya yi wannan shela, har aka tura ayarin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa a 1936 zuwa 1937 ya bi iyakar Nijar da Najeriya, ya dawo ya ce bai ga hamada na tafiya ba, ya ga dai ɓarnar da hannun mutum ke yi a wurare. Hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1980 sun nuna iyakar tsiro tana ja da baya a shekarar fari, tana dawowa a shekarar ruwa. Tuddan ƙasar Manga da Muniyo tsofaffi ne, sun yi dubban shekaru a kwance ƙarƙashin ciyawa da itatuwa. Farin 1973 da na 1984 ne suka yaye musu rufi, yawan jama'a da dabbobi da saran itace suka hana rufin komawa. Ke nan rairayin da ke cinye gona a Gamu na Gamu ne, daga ƙarƙashin ƙafa ya tashi, galibi daga bakin rijiya, gefen gari, ko gonar da aka share ƙal. Idan haka ne, duk abin da ya ƙara tsiraita ƙasa a wani gefe ya shiga sahun asara, ko da sunansa aikin gyara.

Nan ne kuɗi na farko da ba a rubutawa yake. Shinge ba daga kanti ake sayo shi ba. Idan aka yi dara mai gidaje na mita 20 da 20, hekta ɗaya na cin shinge mai tsawon mita 1,000. Idan tudun mai zafi ne har aka matse gidajen zuwa mita 10 da 10, ya zama mita 2,000. Fili mai hekta 50, wanda ba wani babba ba ne a idon porje, na buƙatar kilomita 50 na shinge a mafi sauƙin lissafi. Da me ake yin sa? A ƙasar Gure, da rassan kalimbo ne ko na goruba. Kalimbo kuwa shi ne tsiron da ya rage yana riƙe da rairayi a inda sauran suka gaza. Raƙumi na cinsa, ana igiya da shi, ana rufin bukka, kuma gindin kowane ɗaya akwai ɗan tulin rairayi da ya tara ya danne.

A tsaya a kalli yadda ake saransa. Magidanci ya fito da adda tun da sanyin safiya, an gaya masa yawan damin da zai kawo kafin a rubuta masa yini. Ƙa'ida ta ce a ɗebi wasu rassa a bar wasu, kada a taɓa gindi. Amma wanda ake biya da yawan dami, rana na hawa, amalanke na jira, ba zai tsaya zaɓen reshe ba. Zai kama kurmin da ya fi kusa ya aske shi. Mako na farko ana sara a bayan gari. Mako na uku sai an yi tafiya mai nisa, kuɗin amalanke ya ƙaru, shanun ja sun gaji. Idan kowace mita ta shinge ta ci runguma ɗaya ta rassa, hekta 50 sun ci runguma dubu 50. Rahoto zai ce an kafe hekta 50, kuma gaskiya ne. Filin da aka aske don a samu rassan ba wanda ya je ya auna shi, ba a kuma komawa bayan shekara biyu a ga ko ya tofo ko shi ma ya fara tafiya. Kalimbo na tofowa idan an sare shi da hankali kuma aka samu ruwa. Idan shekarar ta zo da fari, an buɗe sabon tudu ke nan da kuɗin rufe tsoho.

Goruba ta fi ba ni tausayi. Ita ce zoben da ke kewaye da kwari, ita ke fara karɓar iska kafin ta kai ga dabino. Kabarta ita ce tabarma da igiya da faifai, wato kuɗin cefanen mata da yawa da rani. Duk reshen da aka kai kan tudu an cire shi ne daga wannan garkuwa da wannan sana'a.

Kuɗin ƙwadago shi ne wanda ake rubutawa dalla-dalla, kuma shi ne mutane suka fi so, da hujjarsu. Aikin yana zuwa da rani, lokacin da rumbu ya fara sauka, samari na shirin tafiya cin rani Libiya ko Najeriya. Jika ɗaya da ƴan kai a yini, ko mudun hatsi, na hana a sayar da akuya, na riƙe magidanci a gida. Ba na raina wannan ko kaɗan. Abin da nake cewa a kira shi da sunansa: agajin yunwa ne, kuma a littafin agaji ya kamata a rubuta ribarsa. Haɗa shi da kafe tudu na haifar da ɓarna iri biyu. Ana zaɓen fili saboda yana kusa da garin da ake son taimaka wa, ko da ba shi ne tudun da ya fi barazana ba. Sannan mutane na koyon cewa tudu na porje ne: ranar da biya ya tsaya, aiki ya tsaya. Na sha jin dattawa na cewa, «Ai nasu ne, Malam, su za su dawo su gyara.» Ba laifinsu ba ne, haka aka nuna musu tun ranar farko.

Sai dashe. Idan an ba da tazarar mita 5 tsakanin itace da itace, hekta na ɗaukar 400. Kowane ɗaya ya yi wata uku ko huɗu a gidan reno cikin ƴar leda, ana ba shi ruwa safe da yamma a tsakiyar bazara, a ƙasar da mata ke kwana a bakin rijiya. Sannan a ɗauko shi a amalanke, a hau da shi tudu a ka, a dasa shi bayan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, domin rairayi na ɓoye laima a ciki amma sai saiwa ta kai gare ta. Ƙasar Gure ruwanta na shekara yana kai-kawo ne a wajen milimita 300, kuma yakan ɗauke mako biyu ko uku a tsakiyar damina. Dashen da ya faɗa cikin wannan giɓi ya tafi. Tun 1975 Nijar ta mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace, al'ada ce mai kyau, amma ta saba mana da ƙidayar ranar dashe. Ƙidayar da ke da amfani ita ce ta watan Mayu na shekara ta uku, bayan itacen ya sha rani uku da haƙoran awaki. Idan rabi ne ya rayu, kuɗin kowane itace ya ninka biyu, kuma cike gurbin waɗanda suka mutu na buƙatar sabon reno, sabon ruwa, sabon ɗauko.

Babban kuɗin dai, wanda ya fi dukkan waɗannan, shi ne tsaro. Shingen rassa ba ya daɗewa: gara na ci daga ƙasa, rana na busar da shi, rairayi na binne layin gaba, wadda ta rasa itacen girki kuma takan zare ɗaya-ɗaya da magariba. Cikin shekara biyu zuwa uku ya gama aikinsa. Duk dabarar ta dogara ne a kan tsiro ya kama kafin shinge ya mutu, tsiro kuwa ba ya kamawa sai an hana dabba shiga shekara uku aƙalla, biyar ya fi. Mu yi lissafi da mafi ƙarancin albashi na doka a Nijar, jika 42 a wata tun farkon 2024. Gardi ɗaya a shekara uku ya ci sefa miliyan ɗaya da dubu 512. A shekara biyar, miliyan biyu da dubu 520. Mutum ɗaya kuma ba zai tsare hekta 50 dare da rana ba, musamman daga Maris zuwa Yuni, lokacin da filin da aka killace ya zama shi kaɗai ne mai ciyawa a duk karkarar, kowace dabba mai yunwa ta nufo shi.

Porje kuwa shekara huɗu ko biyar yake yi duka-duka. Ta farko takan tafi a ɗaukar ma'aikata da sayen motoci, ta ƙarshe a rubuta rahoto. Filin da aka kafe a shekara ta uku zai samu tsaron shekara ɗaya ko biyu, sannan a miƙa shi ga kwamitin gari da takarda da ɗan biki. Kwamitin ba shi da asusu. Ana cewa zai rayu da sayar da ciyawar filin da tarar masu ɓarna, kuma a wasu garuruwa hakan ya yi aiki, inda kasuwar ciyawa ke kusa kuma mai gari na da faɗa a ji. A inda babu waɗannan, gardi zai yi wata shida ba biya, ranar wata kasuwa ya tafi bai dawo ba. Tun 2010 aka yi porjen PLECO na yaƙi da binnewar kwarurruka a Gure da Maine-Sorowa, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da asusun muhalli na duniya. Ƙungiyar Karkara ta riga shi daɗewa a wannan fage. Shekarun da suka wuce sun isa a koma kowane fili da aka kafe a lokacin, a auna abin da ke tsaye yau, a buga sakamakon da Hausa da Barbarci a karanta a rediyon gari. Wannan awon zai fi kowane sabon porje amfani, kuma kuɗinsa bai kai na mota ɗaya ba.

Akwai kuma wanda ke biya ba tare da an taɓa tambayarsa ba, shi ne makiyayi. Tudun da mai gona ke gani a matsayin mugun abu, ga Bafulatani ko Buzu ko Batube hanya ce zuwa rijiya, gefensa kuma makiyaya ce ta ƴan makonni bayan ruwa. Idan aka killace shi shekara biyar, garke zai zagaya, tafiya ta ƙaru, dabbobin su taru a kan ragowar filin su tattake shi fiye da da. Idan saniya ta kutsa, a kama ta, a ci tara. Taron da aka yanke shawarar killacewa galibi da rani ake yin sa a ƙofar mai gari, lokacin da masu garke suke can wani wuri. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye don irin wannan, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ce yawon kiwo haƙƙi ne da hukuma ta amince da shi. Amma abin da ya fi damuna yana zuwa ne bayan an yi nasara: tudun ya kwanta, ciyawa ta rufe shi, to na wane ne? Sau da yawa wanda ya fi kusa ko ya fi ƙarfi yakan sa hauya ya shuka gero. Filin kowa ya zama gonar mutum ɗaya, an share shi, bayan ƴan shekaru iska ta sake samun ƙofa. Faransa da ake koyi da ita ta bi ta wannan hanya: injiniya Brémontier ya fara kafe tuddan gaɓar tekun yankin Landes a ƙarshen shekarun 1780, aikin ya ci gomman shekaru da kuɗin gwamnati, dokar 1857 ta tilasta dasa daji a filayen kiwo na bayansu, makiyayan tumakin yankin kuma suka ƙare. Har yau hukumar dazuzzukan ƙasar na kashe kuɗi kowace shekara a kan waɗannan tuddai.

Irin itacen da ake dasawa ma yana da nasa bashin. An so Prosopis, ɗan asalin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, don yana kamawa a inda daƙwara da aduwa ke jinkiri. A wajen 1977 aka dasa shi a ɗan ƙaramin fili kusa da Tafkin Cadi don tsayar da rairayi. Dabbobi suka ci ƴaƴansa suka yaɗa irin, har hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta ya mamaye fiye da hekta dubu 300 a yankin tafkin. Ya ba da itacen girki da gawayi, gaskiya ne, ya kuma toshe hanyoyin jiragen masunta da filayen noma. A Kenya mutanen Baringo sun kai gwamnati kotu a kansa a 2006. A kan busasshen tudu ba ya yin wannan ɓarna, amma a ƙasar Gure tudu da kwari maƙwabta ne, ruwan kwari kuma kusa yake, mita kaɗan. Akuya ɗaya ta isa ta kai irin daga sama zuwa ƙasa. Kuɗin tumɓuke shi daga gonar dabino bayan shekara 15 ba ya cikin kasafin kowa.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a manne rairayin ba kawai a huta? An gwada makamancin haka. Libiya da Iran tun shekarun 1960 sun fesa dagwalon man fetur a kan tuddai, ya yi ɓawon da ke riƙe rairayi ƴan shekaru kafin itace ya kama. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a arewacin Damagaram a 2011, ba mamaki wata rana a kawo mana wannan shawara. Ina roƙon a ƙi ta. Tana buƙatar tankoki da injinan da za su hau tudu, ɓawon na fashewa da zarar garke ya bi ta kansa, kuma a ƙasar da ake shan ruwan da ke kusa da saman ƙasa, zuba mai a kan rairayi ganganci ne. A Iran ɗin ma masana muhalli sun daɗe suna sukar abin.

Misalin Sin ake yawan kawowa, kuma ya cancanci a duba shi da kyau. A Shapotou, gefen hamadar Tengger, sun kafe tuddai da darar tattaka mai gidaje na mita ɗaya da ɗaya, wato kilomita 20 na layi a kowace hekta. Ya yi aiki. Amma abin da suke karewa layin dogo ne na Baotou zuwa Lanzhou da aka buɗe a 1958, babban kogi na gudana a gefen wurin, tattakar alkama da shinkafa na nan tuli, kuma hukuma ba ta taɓa janye hannunta ba tun daga lokacin. A Gamu karan gero abincin dabba ne da rani, har sayar da shi ake yi. Darasin Shapotou a wurina shi ne an fara sanin darajar abin da ke bayan tudu, sannan aka yarda a biya har abada.

Wannan shi ne ma'aunin da nake so a ɗauka. Akwai wuraren da duk kuɗin da na lissafa bai kai darajar abin da za a rasa ba. Kwari mai dabino da rogo da rake da albasa, mai kanwa a tsakiyarsa, yana ciyar da gidaje da yawa wata goma sha biyu, kuma idan rairayi ya binne shi ba ya dawowa. Dabinon ƙasar Manga har sau biyu yake haihuwa a shekara. Rijiyar siminti, makaranta, gidan likita, hanyar kwalta da ta haɗa Damagaram da Difa: duk waɗannan sun cancanci shinge da gardi na shekara biyar, har ma goma. Amma manyan kwarurrukan sun fi yawa kudu da gabas da Gure. Gamu ƙasar gero da wake da kiwo ce, kuma gonar gero a Nijar, a matsakaici, ba ta cika wuce buhu biyar a hekta ba, a nan gabas ma takan gaza haka. Kashe kuɗin shinge da reno da tsaro a kan tudun da ba abin da ke bayansa sai irin wannan gona, ko fili fetal, don dai lambar hekta ta cika, asara ce, ko da kuɗin na baƙo ne. Kuɗin baƙo ma yana da iyaka, abin da aka zuba a nan an hana shi wani wuri.

Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ta nuna haka a babban sikeli. Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wajen kilomita dubu 8, da burin gyara hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton 2020 ya ce abin da aka gyara a cikin zirin hekta miliyan 4 ne. A Janairun 2021 aka yi alkawarin fiye da dalar Amurka biliyan 14 a Paris. Su kansu masu shirin sun bar maganar jan layin itatuwa, sun koma maganar gyaran ƙasa wuri-wuri, domin dashen farko da yawa bai rayu ba.

A gefe guda kuma, abin da ya fi kowane shiri nasara a ƙasar nan kusan ba a kashe masa kuɗi ba. Tun wajen 1983 a Maraɗi, Tony Rinaudo da manoman da ya yi aiki da su suka koma barin tohon kututture a gona, su zaɓi reshe biyu ko uku su gyara, su sare sauran. Sassaben zamani ya bazu daga gona zuwa gona a jihohin Maraɗi da Damagaram, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Gawon da ya cika gonakin Magarya da Matamaye da Mirya shaida ne. Ba gidan reno, ba leda, ba gardi, domin itacen na mai gona ne, shi ke tsaronsa. Dabarar tana da iyakarta: tudun da ya riga ya tsiraita ba shi da kututturen da zai tofo, ruwan Gamu kuma bai kai na Magarya ba, don haka girman zai yi jinkiri. Amma mafi yawan ƙasar Gamu ba ta kai ga zama tudu mai tafiya ba tukuna. Tana da sabara da aduwa da kalimbo da ciyawa, kuma hana wannan rufi yayewa ya fi mai da shi araha nesa ba kusa ba. Hanyar kashe gobarar daji, barin kara a gona bayan girbi, ƙara rijiyoyi don kada dabbobi su taru a baki ɗaya, murhun da ke rage cin itace: ba ɗaya daga cikinsu da ke ba da hoto mai kyau ranar rufe porje, shi ya sa ba a cika rububinsu ba.

Ga hukumar komin ta Gamu, da masu gari, da ardo-ardo, da shugabannin mata: idan an zo muku da maganar kafe tudu, ku karɓi baƙi hannu biyu, amma kada ku sa hannu sai an amsa muku a gaban jama'a. A nuna abin da ke bayan tudun da ake son karewa. A je tare da ku a ga inda za a sari rassan, ma'aikacin gandun daji ya tsaya a kan saran. A rubuta sunan wanda zai biya gardi har shekara biyar, kuɗin kuma su shiga asusun da ba zai rufe ranar da porje ya rufe ba. A kira masu garke tun kafin a ja layi, kwamitin filaye ya rubuta cewa filin zai koma makiyayar kowa bayan ya kwanta. Kusa da kwari kuma a dasa daƙwara da aduwa da kandili, a bar Prosopis. Wanda ya kasa amsa waɗannan, ku roƙe shi ya juya kuɗin zuwa rijiya da sassaben zamani, ya bar muku kalimbonku a tsaye.